Lemun Zeinabou a Filin Aro

A unguwar Boutalbagar, in ka tambayi gidan Zeinabou matar Siradji, sai a tsaya ana kallonka, don masu wannan suna sun yi yawa. Amma ka ce mai lemun duro, ko Balaraben da ba ya jin Hausa zai ɗaga hannu ya nuna maka hanya. Sunan ya bi ta ne saboda wani itacen lemun tsami da ta raina a cikin rabin duro, ta yi ta yawo da shi daga fili zuwa fili shekara da shekaru, ba ta sami inda za ta sa shi a ƙasa ba.

'Yar Mirya ce, garin lambuna can kusa da Damagaram. Ta iso N'Djamena tana amarya a farkon shekarun 1990, ta hanyar Maiduguri da Kousseri, zaune a kan buhunan tattasai a bayan babbar mota. Mijinta Siradji ya riga ta zuwa. Sana'arsa ɗauko kaya a keke daga Kousseri, garin da ke ƙetaren iyaka, sabulu da sukari da bokitan roba, ya ƙetaro gadar Ngueli ya rarraba wa masu shaguna. Ɗaki guda ya kama musu haya a wani gidan yawa a Ambassatna, a nan kuwa ta fara sanin cewa a birni ko ƙusa za ka buga a bango sai ka nemi izini. Ita da ta tashi a gidan da in kana son inuwa ka shuka, in kana son ɗaki ka kwaɓa ƙasa, abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Da aka haifi 'yarsu Sadiyya, haya ta fi ƙarfinsu. A lokacin gari yana ta cin daji ta gabas. Masu hali kan sayi fili wurin bulama, wato mai unguwa, su kafa turaku a kusurwoyi, su koma harkokinsu. To amma fili a N'Djamena in ba kowa a kansa, ƙafa gare shi. Sai ka dawo ka tarar an sayar wa wani, shi ma riƙe da takardarsa, ku yi ta zaryar shari'a har gashin kanku ya yi fari. Saboda haka mai fili kan nemi talaka mai amana ya ce masa, zauna mini a nan, ka yi ɗan ɗakin ƙasa, ranar da na tashi gini ka tashi. Ba a biyan haya, ba a kuma ba ka kyauta ba, aro ne. Haka Siradji ya shiga sahun masu tsaron filaye, ƙofar langalanga da kwanon rufi nasa, ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta wani.

Siradji mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Amma a kan magana ɗaya ya fi jaki taurin kai. A wurinsa akwai abubuwan da ba a yi a ƙasar aro: ba a gina rijiya, ba a ɗora siminti, ba a kuma dasa itace. Na ƙarshen nan ya fi tsananta a kai, yana da dalilinsa kuwa. Ya taso ya ga yadda mangwaro guda ya raba gidan kakansa da gidan amininsa. An ba mutum aron gona, ya dasa mangwaro da kyakkyawar niyya, mangwaro ya girma, tsofaffi suka mutu, 'ya'ya suka tashi suka ce ai ga shaidar ubanmu nan tsaye. Har yau gidajen biyu ba sa zuwa jana'izar juna. Shi ya sa duk filin da Siradji ya tsare, ko zogale ba za ka gani ba. Kuɓewa da yakuwa ya yarda da su, don damina na wucewa suke wucewa.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 mahaifiyar Zeinabou ta rasu. Kafin labari ya iso ta, ta haɗa guzuri ta kama hanya, har an yi addu'ar bakwai an watse. Lambu ya tafi hannun 'yan'uwanta maza, don su ke zaune a garin, ita aka ware mata zannuwa da kwanoni. Ba ta yi jayayya ba. Ranar da za ta juyo ta shiga lambun, ta tsinki lemun tsami daga itacen da uwarta ke zama a gindinsa tana sussukar gero, ta ƙulle a bakin zane. Ta sha ruwan lemun a hanya saboda jirin mota, 'ya'yan kuwa ta adana. Da ta iso gida ta zuba su a gwangwanin tumatir da 'yar ƙasa. Guda ɗaya tak ya tsiro.

Siradji ya dawo daga Ngueli ya tarar da ita tana tonon rami a bayan ɗaki, gwangwani a gefenta.

Ya ce, "Zeinabou, mi za ki sa a nan?"

Ta ce, "Malam, ɗan tsiron nan ne. Na lambun Inna."

"Ba a hilin mutane ba."

"Wa zai yi shari'a a kan abin da bai kai ɗan yatsa ba?"

Ya jingine kekensa, ya ce, "Mangwaron can ma da ɗan yatsa ya fara."

Ta yi fushi, ta yi kuka, ta ƙi yi masa magana har tuwon dare ya huce. Washegari ya dawo da rabin duron man inji ɗaure a bayan keke. Ya ƙone shi da kara, ya wanke da toka, ya huda gindin da ƙusa don ruwa ya riƙa tsiyaya, ya cika da ƙasa da takin awaki. Sannan ya ɗora shi a kan fasassun bulo don kada ƙarfen ya taɓa ƙasar mai fili. Ya ce mata ƙasar da ke ciki ma daga bakin kogi ya ɗebo ta, ba ta kowa ba ce. In ji shi, abin da ke ɗaukuwa naka ne, abin da ya kama ƙasa na mai ƙasa ne. Ta dube shi ta rasa ko dariya za ta yi ko tsaki, amma ta dasa.

Daga nan duk tashin da za su yi, da lemun ake yi. Mai fili ya zo da magina, Siradji ya kwance kwanon rufinsa da ƙofarsa, a ɗora a kura, a sake ɗauko wata kurar musamman don duro. Zeinabou na biye tana riƙe da rassan kada su karye, tana yi wa mai turawa faɗa a kan kowane rami. Matan unguwa suka samu abin zolaya. Wata ta ce ina za a kai amarya, wata ta ce a dai yi masa kaciya kafin ya girma. Ita ma bakinta ba a rufe yake ba, takan ce ku bari ya yi 'ya'ya mu ga wa zai fara aiko da ƙoƙo. Sai dai lemun bai yi 'ya'yan ba. Ya kai ƙugun mutum ya tsaya, ganyensa rawaya-rawaya, in ya yi fure sai ya zubar. Kayan aro ba ya rufe katara, haka ƙasar duro ba ta ƙosar da itace.

Shekarar da aka fara maganar man fetur a kowane bakin shayi, suka samu filin Alhaji Ɗanladi a Boutalbagar. Alhaji Ɗanladi mutumin Gumel ne, bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba, yana sayar da kayan gyaran babur, yana zaune a Ambassatna da matarsa Sharifa da mahaifiyarsa da kowa ke kira Goggo. Ya ce wa Siradji ya zauna hankali kwance, gini ba yanzu ba. A tashin nan fasassun bulon suka ɓace a hanya, dutse kuwa a N'Djamena sai an saya. Siradji ya ɗora duron a kan tubalan ƙasa da suka rage daga ginin ɗaki, da niyyar ya canza in ya samu sarari. Damina ta zo irin ta Boutalbagar, wadda ke mayar da unguwa tafki, laka ta kama takalmi ta ƙi saki. Tubalan suka narke, duro ya zauna daram a ƙasa. Kowa na fama da yoyon ɗakinsa, ba wanda ya kula.

Bayan damina biyu lemun ya farka. Ganye ya yi kore shar, rassa suka wuce kan mutum, fure ya kama bai zube ba. Ran da Zeinabou ta tsinki na fari, ta yanka ta shinshina, ƙamshin lambun uwarta ya bugi hancinta, ta zauna a bakin duro ta yi kuka mai daɗi. Ta raba wa maƙwabta, har da masu zolayar, kowacce ta aiko da ƙoƙonta kamar yadda aka faɗa. Zoɓon da take sayarwa, wanda mutanen gari ke ce wa karkanji, ya yi suna saboda lemun da take matsawa. In an tambaye ta sirrin farfaɗowar itacen, sai ta ce ganyen shayi ne da take zuba masa da kashin awaki. Ta yarda da hakan har zuciyarta, ta kuma koya wa mata da yawa, waɗanda suka yi ta zuba ganyen shayi a tukwanen shukarsu ba su ga komai ba.

A farkon 2008 faɗan 'yan tawaye ya shigo har cikin gari. Suka bi ayarin masu gudu ta gadar Ngueli zuwa Kousseri, da abin da hannu zai iya ɗauka. A can, cikin mutanen da ke kukan gidaje da 'yan'uwa, ita kunya ta hana ta faɗin abin da ke cin ta, wato itace a cikin ƙarfe, ga rani, ba mai ba shi ruwa. Da ƙura ta lafa suka dawo, ta shigo fili, ta tarar da shi tsaye ko ganye bai yanƙwane ba. Ta ce albarkar uwa ce. Ko kusa ba ta tambayi kanta ba a ina itacen da ke cikin duro ya samu abin sha.

Sannu ba ta hana zuwa. Keken Siradji ya zama babur, adashen Zeinabou ya yi ta zagayowa, Sadiyya ta yi aure. A shekarar da ta biyo baya suka sayi ɗan fili nasu na kansu, can gaba inda gari bai gama isa ba, aka yi takarda, aka kira shaidu. Tun kafin a ɗora tubalin farko Zeinabou ta auna tsakar gida da ƙafarta, ta nuna wuri, Siradji ya haƙa rami mai zurfi ya zuba taki. A daidai lokacin Alhaji Ɗanladi ya aiko cewa ya shirya gini. Abu ya zo daidai kamar an gwada.

Ranar tashi aka kwashe manyan kaya, aka zo kan duro. Maza suka kewaye shi, suka ce bismillahi, suka ɗaga. Ko motsi bai yi ba. Aka ƙaro hannu, aka zura sanda a ƙarƙashi, aka yi ta nishi, duro na nan inda yake. Wani dattijo maƙwabcinsu mai sayar da goro, Mijinyawa, ya ce a dakata. Ya karɓi fartanya ya tona gefe, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Tsatsa ta cinye gindin duron tuni, saiwa mai kaurin damtsen mutum ta ratsa ta nutse cikin ƙasar Alhaji Ɗanladi, wasu ƙanana sun bazu ko'ina.

Mijinyawa ya miƙe yana karkaɗe hannu, ya ce, "Siradji, iccen nan ya daɗe da tarewa. Ku ne baƙi, shi ɗan gida ne."

Wasu suka yi dariya, Siradji bai yi ba. Ya zauna a ƙasa ya cire hula. Mutumin da ya yi shekaru yana hana kansa inuwa don kada a ce ya ci amana, ga shi da itace mai 'ya'ya a tsakiyar filin aro, a gaban shaidu. Can ya ce a ara masa gatari. Zai datse saiwar a ɗauki duro, ya cike ramin, ya share wurin kafin Alhaji ya gani.

Zeinabou 'yar lambu ce, ta san abin da zai biyo baya. Itacen da aka raba da uwar saiwarsa a tsakiyar zafin bazara ba ya kai sati. In an datse, gawa za su kai sabon gida. In an bar shi, ya zama na mai ƙasa, gobe magina su sare shi su zuba harsashi. Ta ji kamar za a sake yi mata rasuwar uwa, wannan karon a gabanta. Ta je ta tsaya tsakanin mijinta da duron.

Ta ce, "Malam, ban taɓa tsallake maganarka a kan hilin mutane ba. Ka ba ni zuwa gobe."

Ya ce, "Da wane ido zan dubi Alhaji? Ya ce na dasa masa shaida a hili?"

"Ba kai za ka dube shi ba. Ni za ni tahi."

"Ke? Wurin Alhaji?"

"Wurin uwarsa."

Mijinyawa ya sa baki ya ce gatari ba ya ruɓewa kafin gobe. Siradji ya mayar da hularsa.

Da la'asar ta cika ƙwarya da lemu, ta hau motar haya zuwa Ambassatna. Ta sami Goggo a kan tabarma tana gyaran wake, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye ƙwarya. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta faɗi lambun Mirya, ta faɗi gwangwanin tumatir da dokar Siradji da tubalan da suka narke. Goggo tana ji tana murza lemu a tafin hannu. Da ta gama, tsohuwar ta ce, "'Yar nan, tashi ki je gida kada magariba ta same ki a hanya. Gobe da hantsi ina tafe, ko Ɗanladi ya so ko bai so ba."

Da hantsi kuwa suka iso, Alhaji da Goggo da magini riƙe da igiyar awo. Fuskar Alhaji ba annuri, kuma ba za a ga laifinsa ba. Wani abokin kasuwancinsa ya taɓa sa mai tsaro a fili, mai tsaron ya dasa dogonyaro, daga baya ya kawo mutane suka rantse cewa tun fil azal yake wurin. Alhaji ya zagaya duron, ya leƙa saiwar, ya dubi Siradji wanda kansa ke sunkuye.

Ya ce, "Malam Siradji, ni da na ba ka wurin nan saboda an ce mini ba ka dasa ko tsinke."

Siradji ya ce, "Haka ne, Alhaji. Ga gatari nan, ka ce a sare in sare."

Magini ya ja igiyarsa ya ce ai dole ma a sare, don daidai nan bangon ɗakin Goggo zai bi.

Zeinabou ta gyara lulluɓi ta matso. Ta ce, "Alhaji, Baba Mijinyawa, da duk wanda ke nan, ku shaida. Ko taƙi ɗaya na ƙasar nan ba namu ba ne. Ba na ɗiyanmu ba ne, ba na jikokinmu ba ne. Aro aka ba mu, mun gode, mun mayar. Icce ne ya yi mana shisshigi ba mu sani ba. Ransa kawai nake roƙo."

Alhaji ya ɗan sassauta. Ɗan kasuwa ne, ya nemi hanyar da ya sani. Ya ce to ta sayar masa, ya biya a gaban mutane, itace ya zama nasa, magana ta mutu. Tayin adalci ne, Siradji har ya ɗago kai da murna. Zeinabou ta ce a yi haƙuri, ba na sayarwa ba ne. Abin da ya rage mata na uwarta ke nan, ba ta iya karɓar kuɗinsa.

Alhaji ya ce, "To ya za a yi ke nan? Itace a tsakar gidana, kuma ba nawa ba? A ina aka taɓa haka?"

Goggo, wadda tun zuwansu ta samu inuwar lemun ta zauna a kan turmi, ta ce, "Ɗanladi, ɗorawar nan da ke tsakiyar gonar ubanka a Gumel, ta wace ce?"

Ya ce, "Ta Inna Shatu ce."

"Gonar fa?"

"Tamu ce."

"Ka taɓa jin Shatu ta ce gonar tata ce? Kowace shekara ta zo ta kaɗe kalwarta ta tafi, ku ku yi nomanku. Ka zo birni ka ga takarda mai tambari, ka manta yadda aka raine ka." Ta juya wurin magini. "Kai kuma da igiyarka, ɗakin wa ka ce zai bi ta nan?"

"Naki, Goggo."

"To a rage shi. Tsohuwa da gado ɗaya da buta me za ta yi da fage? Na fi son inuwar."

Magini ya buɗe baki zai kawo maganar zane, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Wanda uwarsa ta yanke hukunci a kan ɗakinta, ina shi ina ɗaukaka ƙara. Amma Siradji bai gamsu ba. Ya ce yau ana raye an fahimci juna, gobe in ƙasa ta rufe ido fa? 'Ya'ya ne ke ɓata irin wannan, shi ya gani da idonsa.

Zeinabou ta riga ta kwana da wannan tunanin. Ta ce muddin tana raye itacen nata ne, ta ba gidan Alhaji aronsa, su sha inuwa. Sharaɗinta kada a sare shi, kada a kwarara masa ruwan wanki. Ran da ta mutu kuwa ya zama sadaka, mai jego da marar lafiya da duk mai wucewa ya tsinka, ladan ya je wa uwarta. Kada wani nata ya zo ya ce gado, kada wani na Alhaji ya ce na gidansu ne shi kaɗai.

Mijinyawa ya ce sun shaida. Alhaji ya yi dariya a karon farko, ya ce shi dai bai taɓa ganin inda mai fili ya wayi gari yana zaman aro a gindin itacen mai tsaronsa ba, amma ya karɓa. Aka kira maƙeri ya tsaga duron ya ɓamɓare shi a hankali, aka tara ƙasa a gindin. Aka shafa fatiha. Kurar da aka ɗauko don lemu ta tafi da turmi da tukwane.

Ba za a ce Zeinabou ba ta ji zafi ba. Ta isa gidanta na kanta, abin da ta yi shekaru tana mafarki, ta tarar da rami a tsakar gida yana jiran abin da ba zai zo ba. Ta yi kwanaki ba ta son duban wajen. Wata safiya ta fito ta ga Siradji tsugune a bakin ramin, ya cike shi, yana tura 'ya'yan lemu cikin ƙasa da babban yatsansa. Tun barinsa gida bai sa irin itace a ƙasa ba sai ran nan. Ya daɗe a tsugune yana daddanna wurin da tafin hannu, ita kuma ta koma ɗaki ta ɗebo ruwa.

Gidan Alhaji ya tashi cikin 'yan watanni, da bulo da siminti da ƙofar ƙarfe. In ka shiga za ka ga ɗaki ɗaya ya fi sauran ƙanƙanta, bangonsa ya ja baya ya bar wa itace wuri. Bayan sun tare, Zeinabou ta je yi musu barka. Sharifa ta tare ta da dariya, ta ce gara da ta zo, don Goggo ta kafa doka a gidan: lemun da ya faɗo ƙasa nasu ne tunda ƙasar tasu ce, wanda ke sama kuwa na mai shi ne, ba mai taɓawa sai da izininta. Ga Alhaji kwana biyu yana fama da mura, yana son lemu a shayi, iska kuma ta ƙi kaɗawa.

Suna cikin haka Alhaji ya fito daga ɗaki da rawani a wuya, ya gaishe ta da toshasshiyar murya. Ya tsaya a gindin itacen, a tsakar gidansa, ya ɗaga kai ya dubi rassan da suka yi nauyi, sannan ya dube ta.

Ya ce, "Maman Sadiyya, a taimaka a ba ni izini in tsinka."

Tun ranar da ta sauka a garin nan ita ke neman izini, na ƙusa, na igiyar shanya, na kwana a ƙasar wani. Ba wanda ya taɓa neman nata. Daɗi ya cika ta har ta ji idonta ya kawo ruwa. Ta gyara zama a kan tabarmar Goggo, ta bar shi a tsaye kaɗan.

Sannan ta ce, "Tsinka, Alhaji. Amma ka bi a hankali, yana da ƙaya."